Keken da Ya Hau Bene

Ni na jawo mana, ni da shegen iyayina. Ba wanda ya aike ni.

Baba mai gyaran agogo ne. Shekara ashirin yana kafa teburinsa a bakin wani shagon takalma, can ƙarshen gari, kuma kullum a tsohon kekensa yake zuwa. Ɗakinsa yana hawa na huɗu. In ya dawo sai ya saɓa keken a kafaɗa ya hau, ya rataye shi a ƙusa biyu bayan ƙofa. Da gwiwarsa ta fara ciwo, na ce ai kuwa ga babbar 'ya a raye. Na sayo masa keken lantarki, tsohon kuma na miƙa wa mai sayen tsofaffin ƙarafa tun kafin Baba ya buɗe baki. Har da guɗa na yi, Allah ya yafe mini.

Ban taɓa gwada ɗaga shi ba sai da muka isa gindin matakala. Kai! Nauyinsa kamar buhun siminti. Na ce a cire batirin, ashe irin wanda aka gina a cikin ƙarfen ne. Na roƙi mai gidan ya bari a ajiye shi a ƙasa. Ya ce shi ba zai kwana da batir a ƙarƙashin matakalarsa ba, yana tsoron gobara, kuma a waje ko awa biyu ba zai yi ba ɓarayi sun ɗauke.

Maƙwabta biyu ne suka hau da shi, suna nishi suna tsokanar Baba wai ya sayi jirgi. Kwana uku suna sauko da shi da safe, su mayar da yamma. A na huɗu ɗayan ya ce bayansa ya riƙe. Ɗayan kuma da ya ji motsin Baba sai ya yi lamo a ɗaki. Baba ba mai roƙo ba ne. Ya gwada shi kaɗai, keken ya ja shi matakala shida, ya tashi da targaɗe a hannun da yake riƙe ɗan hantsaki.

Mai shagon takalma ya aiko cewa zai riƙe masa wurin mako biyu, akwai masu so. Na zagaye masu ƙarafa har ƙafata ta kumbura ina neman tsohon keken. Suka ce an daɗe da sare shi.

Da mako biyun suka cika, ran Talata na bi ta bakin shagon. Wata mata ce a wurin, tana sayar da rigunan waya.

Na sami Baba zaune a ɗakinsa da rana tsaka, akwatin aikinsa a kan cinya. Keken ya cinye rabin ɗakin, ya goge shi fes, fitilar caji ta yi kore. Ƙusoshin nan biyu suna nan, ba komai a kansu. Na so ya zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Sai ma tambayata ya yi ko na ci abinci.

Da na tashi tafiya ya ce, "'Yar nan, in za ki sauka ki ƙirga mini matakalar nan. Duk zamana ban san suna da yawa haka ba."

Na ƙirga. Hamsin da takwas ne. Na tsaya a ƙasa ina kallon tagarsa, na kasa komawa in gaya masa.