Ɗinkin Baba Perekeme

Mama Tokoni tana juya kifi a kan bandarta sai ta ji wani abu yana tari a sama. Jirgin nan ne maras matuƙi da kamfanin mai yake turowa gadin bututu. Ya yi tangaɗi, ya daki bishiyar kwakwa, ya faɗo cikin tsakar gidansu. Da taku biyu ya kuskure ta.

Mijinta, Baba Perekeme, bai tambayi jirgi ba. Hannunta ya kama yana dubawa, har sai da ta ce, "Tsoho, sake ni, kifina zai ƙone."

A rafinmu, wanda ya tsinci kwalekwalen wani ba ya mayar da shi yana yoyo. Sai ya toshe, ya wanke, sannan ya kai wa mai shi. Baba kuwa shekara hamsin yana ɗinkin taru, ba ya iya ganin abu a karye ya wuce. Ya duba jirgin ya ga hannun da ke riƙe da farfela ya daɗe da tsagewa, salatif kawai aka naɗa masa, shi ma ya saki. Ya yi tsaki, ya ɓare salatif ɗin ya jefa wuta, ya ɗaure wurin da zaren taru, ɗauri mai kyau. Matar ta goge wa jirgin laka da gefen zaninta.

*

Da kansa ya ɗora jirgin a kwalekwale ya tuƙa zuwa ƙofar kamfani, sanye da rigarsa ta zuwa coci. Bai dawo ba.

Shugaban masu gadi ya rubuta cewa mutanen ƙauye ne suka harbo jirgin da taru, ga ma zaren a jiki, ya miƙa Baba ga 'yan sanda. Wani makanikensu ya faɗa mini a asirce cewa sau uku yana kai ƙorafin wannan tsaga. Amma ya ce yana da 'ya'ya huɗu, kuma salatif ɗin da zai zama shaida ya riga ya zama toka. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa.

*

Sai kwana na tara 'yan sanda suka bar Mama Tokoni ta gan shi. Ni na raka ta. Ya rame, rigar ta yi daƙal-daƙal. Ta tambaye shi ko sun taɓa shi, ya ce ba komai. Ya tambayi ƙafarta, ya tambayi ko ruwa ya janye. Sannan ya matso jikin ƙarfen ƙofar ɗakin da aka tsare shi, ya yi ƙasa da murya.

"Tokoni, abin nan ya tashi kuwa? Ɗinkina ya riƙe?"

Jirgin yana can kan teburin 'yan sanda a cikin leda, an manna masa takarda da sunan Baba. Ta gyara tsayuwa ta tare masa wajen.

"Ya tashi, maigida. Jiya ma ya wuce ta kan gidanmu."

Ya yi murmushi, ya jinjina kai. Ta zura yatsu biyu ta tsakanin ƙarfen, iyakar abin da zai shiga ke nan, ya riƙe.