Layin da Ka Haddace

…wai kuma in zaɓa. Muttaka mai shagon waya ya jera mini su kamar mai tallar atamfa, ni ina zaune kan bencinsa a bakin kasuwar Gummi, wayata na hannunsa, bayanta a buɗe. Hanya uku, in ji shi. In na sauka Jidda in sayi layin can, data da arha, kullum in ga fuskar Raihana. Ko a buɗe wa layina romin ya bi ni can — sai dai yana shan kati kamar rairayi da ruwa. Ko wani sabon sim da ba a gani da ido… tawa ba ta ɗaukarsa. Saura biyu ke nan. Ramin sim ɗaya ke aiki kuma, ɗayan ya mutu tun da ta faɗa randa.

Baban Raihana, kai ka saya mini layin nan. Duk duniya lamba ɗaya ka haddace, tawa. Ko taka sai ka duba.

Taki ka ce za ka sayo a Nasarawa Burkullu. Ka tada babur a ƙofar gidanmu na Zugu, ka ce in rage maka fura. Babur ɗin aka tsinta a gefen hanya, takalminka ɗaya… Waɗanda suka sace ka sun kira sau ɗaya. Muryarka can nesa, "Uwani, ni ne —" sai aka fizge. Kafin su sake kira aka datse sabis a jihar gaba ɗaya. Don a kama su, wai. Ni aka kama. Ni ke hawa mota har iyakar Kabi, in tsaya a rana, waya a sama kamar mai roƙon ruwa. Sabis ya dawo. Kai fa?

Damina nawa yanzu? Na daina ƙirgawa. 'Yan uwanka sun raba gona a bakinsu tun ba a je ko'ina ba. Innarka ta ce in yi takaba. Takabar wa? Wa ya wanke ka, wa ya sallace ka?

Muttaka ya ce, "Ki bar ma Inna layin, Hajiya, shi ya fi sauƙi."

Hajiya. Wanke-wanke za ni yi a gidan Larabawa, shekara biyu, don 'yarka ta ci abinci ta koma makaranta — shi yana ce mini Hajiya. Innar taka da ba ta jin kiran salla sai an taɓa ta? Ta ajiye waya ƙarƙashin filo, caji ya ƙare, layi ya kwanta, kamfani ya sayar wa wani. Ka samu waya a wani daji, minti ɗaya tak, ka danna lambar… wani ƙato ya ce maka ba nan ba ne.

In kuma na riƙe shi? Tabawa, wadda ta samo mini aikin, ta ce wasu gidajen akwai waifai, wasu babu. In babu, sai data. Data ta romin ba ta talaka ba ce. Ke nan Raihana ta yi zazzaɓi ban gani ba, ta yi tsawo ban gani ba, ina can rungume da layin da ba mai kira sai 'yan damfara — "mun ga mijinki a Anka, turo kati." Raihana tana da rai, na tabbata. Kai…

Ka ga abin da ka sa ni? Ban da ka tafi sayen taki ranar da kowa ya ce hanya ba kyau. Na ce maka ka bari. Na ce maka.

Na tambayi Muttaka, romin ɗin nan da gaske yana yi a can? Kira yana shiga?

"Yana shiga sarai. Alhazai da shi suke tafiya."

Sai na ji wani abu. Ba murna ba. Me ya sa ba murna ba? So nake… so nake ya ce ba ya yi. Ya ce ba dama, layin nan bai haye teku. In cire shi ba laifina ba.

Astagfirullah. Tun yaushe nake jiran wanda zai ce mini haka?

Ga sim ɗin a kan yatsarsa, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Mutane na jira a bayana. Yana kallona.

"A maida shi, ko a bari?"

Na gaji, Baban Raihana. Na gaji.