Ranar da Malam Badamasi Bai Ce “Haka Ne” Ba

Duk wanda ya san Malam Badamasi na Mabai ya san shi da abu biyu: noman dawa da cewa “haka ne”. Shekara da shekaru yana cikin dattawan da ke zama a zauren Maigari in rigima ta taso, ta iyakar gona ce ko ta ɓarnar shanu. Tsarin zaman kuwa ba ya sauyawa. A saurari mai ƙara, a saurari wanda ake ƙara, a ce su jira a waje. Maigari ya gyara murya ya faɗi abin da ya gani, dattawa su bi shi ɗaya bayan ɗaya da “haka ne, ranka shi daɗe”. Ta Malam Badamasi ma ta fi ta kowa daɗin ji, don shi har da gyaɗa kai yake haɗawa.

Ana nan sai ga littafi ya shigo gidansa. 'Yarsa ta fari, Shafa'atu, lauya ce. Ta yi shekaru a Abuja tana taya wani alƙalin Kotun Ƙoli bincike, da ta bar aikin sai ta zauna ta rubuta da Hausa yadda ake gudanar da shari'a a can ciki, inda idon jama'a ba ya kaiwa. Kunyar 'yar fari ta hana Malam kama sunanta, amma ba ta hana shi yawo da littafin ba. Ranar kasuwar Kankara sai ya soka shi a aljihu yadda kansa zai leƙo, duk wanda ya tambaya ya ce, kamar abin bai dame shi ba, “Yarinyar nan ce ta Abuja ta yi ɗan rubuce-rubucenta.” Har Faskari littafin nan ya je ta'aziyya. Abin da ke ciki kuwa ko layi ɗaya bai sani ba, don shi ajami ya iya, boko sai dai ya gane lambar mota.

Matarsa Mero ita ce ta yi ajin yaƙi da jahilci, kuma bakinta ba ya raga masa.

“Malam, littahin nan laya ce? Zai tsufa a aljihu ba a buɗe shi ba.”

Daga ranar, in an yi la'asar sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta tsallake shafin da ke da sunan marubuciyar, ta shiga karanta masa a hankali tana bin layi da yatsa. Ya zaci zai ji labarin wasu mutane da ba sa tari ba sa atishawa. Sai ya ji alƙalan nan ma gardama suke yi a ɗakin shawara har murya ta tashi, takardu kuma jibge a gabansu kamar damman dawa a sussuka. Dariya yake ta yi, har Mero ta kawo wani wuri da ya sa ya ɗaga hannu.

“Dakata. Koma baya. Mutum biyar sunka zauna, huɗu sunka ce ga gaskiya, guda ya ce a'a. Sai a yi mishi mi?”

“Ba a yi mishi komi. Hukuncin huɗun ake bi. Amma shi ma sai ya karanta nashi a gaban jama'a, a buga shi tare da nasu.”

“Ko da babbansu na cikin huɗun?”

“Haka ta rubuta.”

“To amfanin mi, tunda an kada shi?”

Mero ta ƙara bin layin. “Ta ce wani lokaci bayan shekaru a dawo a ga shi ya hango daidai. Wani lokaci kuma ba a dawowa.”

Mero ta san abin da ke cin ran Malam. Gobe maganar Rabo za ta zo zaure. Rabo manomi ne da 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyensu na wajen Sabuwa, ya iso Mabai da iyalinsa ba ko fartanya. Alhaji Muttaka, surukin Maigari, ya ba shi aron wata saura, tsohuwar gona da kowa ya fid da rai da ita. Rabo ya sare ta, ya tumɓuke kututture, ya yi rani guda yana jidar taki da jakin aro. Ruwan farko na sauka, ƙasa ta yi baƙi ƙirin, sai Alhaji Muttaka ya tuna yana son abarsa. Al'adar garin kuwa ko yaro ya san ta: wanda ya zuba taki a gonar aro sai ya ci takinsa, ko damina ɗaya ce, kafin a karɓe. Sai dai Rabo baƙo ne, wancan kuma surukin mai yanke hukunci.

Tsoro ya kama Malam Badamasi, ba ɓoye-ɓoye. Shi da Maigari tare suka tashi, tare suka yi kiwon awaki. Kuma ba shi da wata sarauta ko dukiya. Wurin zamansa a zauren nan shi ne girman da yake da shi a gari.

Washegari da hantsi aka zauna, Maigari da dattawa huɗu. Aka saurari kowa, aka ce su jira a waje. Maigari ya gyara murya ya ce gona ta mai ita ce, a mayar wa Alhaji abarsa, shi kuma Rabo a ba shi haƙuri. “Haka ne” ta fara zagayowa, ta wuce mutum uku, ta iso kan Malam Badamasi. Kansa ma har ya fara gyaɗuwa da kansa, saboda sabo. Ya riƙe shi.

“Ranka shi daɗe, ni ban ga haka ba.”

Maigari ya dube shi sama da ƙasa.

“Malam, lahiya dai?”

“Lahiya lau. Tun muna yara, wanda ya zuba taki shi ke cin takinshi. Ban taɓa jin an ce ban da baƙo ba.”

Dattijon da ke kusa da shi ya taɓa masa gwiwa. “An riga an yanke, Malam. Mu huɗu ne.”

“Na sani. Naku za a bi, ban ce a ƙi ba. Amma in an hita gaya musu, a gaya musu nawa ma.”

Ran Maigari ya ɓaci. “Littahin ɗiyarka ne ya hau maka kai? Nan ba Abuja ba ce. In kana son a ji, hita ka hwaɗa da bakinka.”

Ya faɗi haka ne don ya san abokinsa, mutumin da ko a gidansa ba ya ɗaga murya. Amma da wakilin Maigari ya gama sanar da hukunci a ƙofar zaure, sai ga Malam Badamasi tsaye a bayansa.

“Jama'a, hukunci shi ne wanda kunka ji, kuma ya zauna. Amma ni Badamasi ban yarda da shi ba. A ganina Rabo na da haƙƙin noma gonar nan bana, don guminshi ne a cikinta.”

Iyakar abin da ya ce ke nan. Alhaji Muttaka ya kaɗe riga ya tafi da gonarsa. Maigari ya fito ya wuce ta gabansa bai ko dube shi ba, abin kuwa ya yi wa Malam ciwo ƙwarai, don ya san da wuya a sake aiko masa in za a zauna.

Yana juyawa zai tafi sai Rabo ya zo ya tsuguna a gabansa.

“Baba, gona ta tahi, Allah shi ba ni wata. Amma tun da munka baro gida, duk inda munka sauka kallon maroƙa ake yi muna. Yau zan koma in gaya wa yarana ba don na yi laihi anka amshe ba. Dattijo ya tsaya gaban mutane ya ce da gaskiyata.”

Malam ya dafa kafaɗarsa.

Kafin ya kai gida labari ya riga shi. Ya tarar da Mero tsaye a tsakar gida da muciya a hannu.

“Malam, an ce yau ka yi abin da ba a taɓa yi ba a garin nan.”

Ya cire hula, ya zauna a kan turmi, ya miƙa mata waya.

“Kira yarinyar nan. Ki gaya mata an kada ubanta yau, huɗu da guda.”

“Wannan kuma albishir ne?”

“Ke dai ki gaya mata. Ta san ko mi ke nan.”