Tsanin Orval

Kifin ya fizgi zaren har tsanin da Delbert ke tsaye a kai ya girgiza cikin ruwa.

"Orval, kawo ragar nan. Wannan kifi mai jan wuya ba na wasa ba ne."

Orval, maƙwabcinsa na shekara talatin, ko waiwayowa bai yi ba. Yana zaune a kujerar da ya ƙera bisa nasa tsanin, taku ashirin daga nan, hula ta rufe masa ido. A Tafkin Pyramid kowa cikin ruwa yake kafa tsaninsa don fatsa ta kai zurfi, kuma in na kusa da kai ya kama babba, kai ke saukowa da raga. Orval bai taɓa saɓa wannan ba.

Da safen nan Loretta, matar Orval, ta tare Delbert a bakin mota. "Likita ya ce zuciyar nan tasa ba ta son sanyi. Na bar shi ya zo ne don watan Mayu ya zo ƙarshe, kifin zai koma can cikin zurfi. Kada ka ɗauke ido daga kansa."

"Ba zan ɗauke ba," ya ce mata.

Ga shi minti ashirin idonsa na kan zare.

"Tsoho, baƙin ciki ne ya hana ka motsi? Don naka bai ci ba?"

Sai a lokacin Delbert ya lura da ɗamarar da ke ƙugun Orval. Duk ranar da ake iska Orval yakan ɗaure ƙugunsa da kujerar don kada igiyar ruwa ta kayar da shi. Wanda aka ɗaure haka, ko me ya same shi, a zaune za a gan shi.

Delbert ya saki sandar fatsar, kifin ya tafi da ita. Ya dira cikin ruwan da ya kai masa ƙirji, yana turawa, yashi na riƙe masa ƙafa, yana kiran sunan da ba a amsawa.

Hannun Orval ya yi sanyi. Ko na ruwa ne, ko tun yaushe ne, Delbert bai sani ba, kuma ya san abin da Loretta za ta fara tambaya ke nan.

Mutane suka taya shi kai gawar bakin gaɓa. Tsanin kuwa ba wanda ya taɓa, don a nan ba a ɗaga tsanin wani. Yana can tsaye cikin ruwa, ɗamarar na lilo, ragar na rataye a gefen da ke kallon tsanin Delbert.