Tsibirin Baba Dogo

"Kai! Sun sake cizona!" Baba Dogo ya zabura a kan tabarma yana sosa ƙugu. "Asibi, cinnakun nan naman tsoho suka fi so ne?"

Asibi, maƙwabciyarsa mai bandar kifi, ta dire tukunya tana haki. Tun safe take yaƙi a gindin mangwaronsa. Ta barbaɗa toka, suka bi ta gefe. Ta antaya tafasasshen ruwa a rami, suka ɓullo ta wani. Da ta yayyafa kalanzir kuwa, tsohon ne ya hau tari, su ko a jikinsu.

Tun da aka dawo da shi daga asibitin Yelwa aka ce a je gida a yi ta lallaɓawa, kowa a unguwar nan ta Wara ya gane abin da ake nufi. Shi ma ya gane. Abu ɗaya ya roƙa, kada a bar shi ya ƙare a ɗaki yana kallon rufi. Daga gindin mangwaron, ta inda danga ta faɗi, ana hango tafki da jirage. Mutum ya tsufa a kwalekwale, ga ɗan mitsitsin ƙwaro ya hana shi kallon ruwa.

"Baba, mu koma ciki," in ji ɗansa Jacob. "Dubi ƙafarka, duk ta yi ruɗu-ruɗu."

Tsohon bai musa ba, ya miƙa hannu aka ɗaga shi. Shirun nan ya soki Asibi ƙwarai. Mutumin da ko kan sunan kifi sai ya yi gardama har rana ta faɗi! Ta koma gida ranta a jagule. Tana shiga idonta ya sauka a kan teburin da take shanya kifi, kowace ƙafa tsaye a gwangwani cike da ruwa, kamar kullum.

"Ni Asibi!" Ta dafe ƙirji. "Kifi na tsare, na bar mutum!"

Washegari ta sa Jacob ya fito da gadon ƙarfe, ta jera gwangwanayen tumatir, aka tsoma ƙafafun gado a ciki, ta cika su da ruwa. Baba Dogo ya leƙa ƙasa.

"Wato kifin banda kika maishe ni?"

"Ina fa, Baba. Shi kifi ai ana sayensa."

Ya yi dariya har da hawaye. Da ya lafa, sai ya ce, "A tsibiri Inna ta haife ni, ruwan dam ya cinye shi ina yaro. Ashe zan sake samun wani."

Daga ranar gidan ya koma dandali. Duk mai zuwa gaisuwa, ko daga masallaci ko daga coci, sai tsohon ya tambaye shi jirgin wa ya hawo. Cinnaku su zo su kewaye gwangwani, shi kuma yana yi musu gwalo. "Ku haye mana, in kun iya iyo!" Ita dai Asibi aikinta ƙara ruwa, don rana na shanye shi.

Ran Talata da la'asar ta shigo da buta tana mita. "Baba, yau ranar nan ta kusa ƙafar maka da tafki."

Ta dire butar, ta dube shi. Fuskarsa na wajen ruwa, bakinsa a ɗan buɗe, kamar ya shirya mata wata tsokana. Jacob na durƙushe a gefe, ya riƙe hannunsa. Ya dube ta, ya girgiza kai.

Asibi ta yi kuka sosai, don tana son tsohon nan kamar ubanta. Cikin hawaye ta ga gefen bargonsa ya kusa taɓa ƙasa. Ta ɗage shi, ta soke a ƙarƙashin katifa. Sannan ta bi gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya ta cika su. Wani cinnaka ya hau har baki, ya taɓa ruwan, ya juya.