An Shiga Aji

Takwara ce ta jawo wa kanta. Ita ta ɗauko kakarta daga gida, tsohuwar da ƙwaƙwalwarta ta fara rikicewa, wai ta yi wa tsohon ginin kwalejin mata kallon ƙarshe kafin a rushe shi. Kaka na cikin ɗaliban farko, jikar da ta ci sunanta kuwa tarihi take koyarwa a nan. Ta zaunar da ita a benci, ta juya tana amsa waya. Katafila ta kai wa bango dukan farko, ƙasa ta girgiza. Ko da ta waiwayo benci wayam, ga sandar Kaka yashe a ƙofar ginin.

Ta zabura a guje. Ta sha gaban katafilar tana ihu har direban ya kashe inji, yana masifa, wai bango ya riga ya tsage, ko yanzu zai iya zubowa. Ba ta tsaya saurarensa ba ta faɗa ciki.

Siminti na ta zubowa daga sama. Sai labarin Kaka ya faɗo mata. Shekarar da aka buɗe kwalejin, masu ƙin karatun mata sukan taru su yi ta jifan tagogi, ɗalibai su ɓuya a ɗakin tsintsiya na ƙarƙashin bene. Ƙarar rushewar nan ce ta mayar da tsohuwa can.

Ta nufi ɗakin tsintsiyar. Ƙofar ƙarfe ce, an danna sakata ta ciki. Ta buga, ta roƙa, ta faɗi sunanta.

"Yi shiru," in ji Kaka cikin raɗa, "suna waje."

A wancan zamanin akwai maganar da shugabar kwalejin kan faɗa kafin ɗaliban su yarda su buɗe. Kaka ta sha ba ta labarin har ya gundure ta, amma kullum aka zo daidai nan sai ta ce, na sani, Kaka, ta koma latsa waya. Malamar tarihi guda! To ga shi ba ta sani ba.

Ta ce sun tafi. Shiru. Ta ce 'yan sanda sun zo. Shiru. Benen ya yi wata ƙara a samanta, tsoro ya sa ta fashe da kuka. Me matar nan ke tsoro fiye da jifa? Sai ta tuna tana ƙarama, yadda Kaka ke yafe mata komai ban da makara. Ta share ido, ta daki ƙofar, ta daka tsawa.

"An shiga aji! Wa ya rage a nan?"

Sakata ta motsa. Kaka ta fito da takalma a hannu, tana kare tsohon tabon goshinta. Takwara ta goya ta, ta ruga waje, ba ta tsaya ba sai bakin benci. Nan suka ji benen ya rufta.

Kaka ta ƙura wa ƙurar ido, ta yi magana da murya kamar ta yarinya.

"Malama, sun rufe mana makarantar ke nan?"

Takwara ta juya da ita wajen sababbin gine-gine, inda 'yan mata suka cika fili maƙil, rungume da littattafai.

"Ba su rufe ba, Kaka."

"To sauke ni, kada in makara."