Zuliha Jaji Kankiya

Barista Zuliha ta daɗe tana rubuta wa mutane takardar rantsuwa a wani ɗan ofishin lauyoyi da ke bakin titi a Kankiya. Wanda akuya ta cinye masa takardar haihuwa, wanda ya farka da safe ya tuna ashe bai kai shekara talatin ba saboda ana ɗaukar aikin kwastan, duk wurinta suke zuwa. Ba ta taɓa zaton ita ma za ta shiga layin ba, sai da ta nemi gurbin digiri na biyu a fannin shari'a.

Ta cike komai ta intanet, ta tura tsarin binciken da take son yi a kan dokar burtali da gonaki. Burinta ta koyar a jami'a, ta huta da ƙaryar mutane. Sai ga waya daga wani jami'in sashen karatun gaba da digiri.

"Barista, mata biyu muka gani a fayil ɗinki. Mai digiri Zuliha Jaji Kankiya ce. Mai katin ɗan ƙasa da shaidar ƙaramar hukuma Zuliha Jaji Kusada ce. Wacce za mu ɗauka?"

"Duk ni ce, yallaɓai. Gobe zan yi takardar rantsuwa in turo."

Mutumin ya yi dariya har da tari. "Lauya ta rantse wa kanta? Haba, mu ma nan lauyoyi ne. Mahaifinki zai rantse, ko ƙaninsa ko yayansa. Ranar Juma'a muke rufewa."

Asalin abin ba wani abu ba ne. Da ta gama firamare a Kusada aka kai ta gidan ƙanin mahaifinta, Alhaji Gajere, a Kankiya don ta yi sakandare. Ranar rajistar jarrabawa malamin da ke cike takardu ya ce suna uku ake so, ya dubi garin da yake zaune ya cike na ukun. Daga nan Kankiya ta manne mata har makarantar lauyoyi.

Kowa ya san da wannan ban da mahaifinta, Malam Jaji, domin ba wanda ya gaji da zaman lafiya. Malam Jaji yana cikin waɗanda suka yi ta zaryar Katsina a zamanin soja har aka cire Kusada daga Kankiya aka ba ta ƙaramar hukumarta. Su wa suka shiga ofis, su wa suka tsaya gadin takalma a waje, wannan ba a tambaya. Shi dai a bakinsa, shi ya ɗauko Kusada a kafaɗa. Ko gishiri ba ya saye a Kankiya. In mota ta bi da shi ta cikin garin, yakan rufe ido ya ce barci yake.

Hanya mai sauƙi a buɗe take. Alhaji Gajere zai rantse kafin ta rufe baki, ya kuma rantse wa maƙwabta in suna so. Amma kafin la'asar zai sanar da duk mai kunne cewa shi ne ya tsaya wa ɗiyar Jaji a kotu. Zuliha ta san wannan zai fi sunan yi wa mahaifinta ciwo, kuma tana son tsohon nan, duk da rigimarsa. Ta hau kabu-kabu zuwa Kusada.

Ta fara laɓewa wurin mahaifiyarta, Kulu, wadda ke tankaɗe a tsakar gida. "Inna, ko ke za ki fara yi mashi bayani?"

Kulu ba ta ko ɗago ba. "Ke da ke tsayawa gaban alƙali? Tahi, shina zaure."

Malam Jaji yana gyaran ƙotar fartanya. Da ya gan ta fuskarsa ta washe. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiran sunan ba. "Uwata! An samu karatun?"

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta bi ta nesa kamar yadda take yi wa alƙali mai zafi. Ta yi zancen tsari, ta yi zancen kuskuren alƙalami. Da hanya ta ƙare, ta faɗi sunan.

Ya ajiye fartanyar a hankali. "Maimaita."

"Zuliha Jaji Kankiya, Baba."

"Wato duk lauyancin ga da nike yawo da shi gari-gari, na Kankiya ne? Mu mun yi noma, su sun kai rumbu?"

"Suna ne kawai. Abin da ake so, ka je kotu ka rantse cewa ta Kankiya da ta Kusada ɗaya ce."

"Ni? Ni in ɗora hannu bisa Alƙur'ani in ce Kankiya da Kusada ɗaya ne? To mi muka je yi Katsina?"

"Ba garuruwan ba, Baba. Ni."

"Ina kotun take?"

Ta sunkuyar da kai. "Kankiya."

Ya tashi ya shige ɗaki. Zuliha ta kwana biyu a gidan, yana amsa gaisuwarta da ka. Ranar Alhamis da hantsi ta gama haɗa jakarta, ta haƙura da karatun bana, zuciyarta cike da baƙin ciki. Sai ga shi ya fito da babbar rigar Sallah da hula zanna.

"Ba rantsuwa za ni ba," in ji shi. "Za ni in ga wanda ya isa."

A ofishin rajistara aka ba shi kujera ya ƙi zama. Rajistaran, wani mai suna Kabo, ya san Zuliha sarai, don haka ya karanta takardar da sauri ya fassara. Malam Jaji ya nemi a goge Kankiya. Aka ce ba a gogewa. Ya nemi a rubuta "Kankiya bisa kuskure". Aka ce takardar gwamnati ba ta zagin gari. Ya nemi a kira malamin da ya yi aika-aikar. Aka ce ya rasu. Ya ce Allah ya jiƙansa, amma da sauran magana.

Ana cikin haka Alhaji Gajere ya shigo yana ƙamshin turare. Labari ba ya kwana a Kankiya.

"Yaya, kada ka wahal da kanka," in ji shi da murya mai laushi. "In abin ya yi maka nauyi, ni sai in rantse. Ai ni ma ubanta ne. A gidana ta girma, kuma ka ga sunan garinmu ta ɗauka."

Zuliha ta ji kamar ta shige ƙarƙashin tebur. Malam Jaji ya dubi ƙaninsa daga hula har takalmi, sannan ya juya ga rajistara.

"Yaro, sake karanta mani sunayen. Sannu-sannu."

"Zuliha Jaji Kankiya. Zuliha Jaji Kusada."

"Akwai Gajere ciki?"

"Babu, Baba."

"To ko Zuliha Jaji Legas suka rubuta, Jajin dai ni ne. Ɗiyata ce, guda ɗaya na haifa mai wanga suna. Kawo littahin."

Ya fita ya yi alwala, ya dawo ya rantse da ƙarfi har masu jira a baranda suka ji. Ya dangwala yatsa a tawada ya danna a takardar kamar mai kashe kaska. Zuliha ta ɗauki hoton takardar da waya ta tura nan take.

A bakin ƙofar kotu yana goge yatsa da gefen rigar Sallah, ya tambaya ba tare da ya dube ta ba. "Uwata, shi wanga digiri na biyun, wane suna za su sa?"

Ta so ta yi masa irin ta lauyoyi, ta kasa. "Wanda ke kan na farko, Baba. Kankiya."

Ya tsura wa titi ido. Da ya buɗe baki muryarsa ta sauka, ba irin ta cikin ofis ba.

"To ki ce masu su rubuta Jajin da manyan baƙi."